Yaɓen Bayan Siton Hajiya Habsatu

Ruwan shuka ne ya tona satar. Da bai sauka ba, Allah kaɗai Ya san ranar da za a leƙa ƙuryar siton Hajiya Habsatu. Tun da mutanen daji masu bindiga suka hana manoman Mazanya da Farfaru barin ko dami a rumbu, nan Magama bakin boda suke kawo hatsinsu ajiya, har da irin da za su shuka. Gari na wayewa, ƙasa ta jiƙa sharkaf, sai ga su da jakuna da amalanke, kowa yana son irinsa kafin rana ta shanye laimar. Hajiya ta buɗe kwaɗo da hannunta. Layin buhunan gaba yana nan tsaf har rufi. Da aka janye shi sai ga fili fetal a baya, wurin da mutum zai shimfiɗa tabarma ya yi salla har da mamu.

Ni Salmatu ina tsakar gida ina kwarfe ruwan da ya kwanta a bakin murhu aka yi sallama da maigidana. Gari na ce masa Mai-sawu, sunansa na yanka kuwa sai dai ku ji a wani bakin, ba nawa ba. Tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin sata, ya taɓa bin saniya daga nan har ƙasar Madarumfa ya dawo da ita a igiya. Mutum ne da zai dubi ƙasa ya gaya maka akuyar da ta wuce tana da ciki, amma in na yi sabon kitso sai ya tsufa a kaina bai gani ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita yana jan ƙafar nan da ke damunsa.

Bai jima ba ya dawo fuska a murtuke. Ya ce ruwa ya wanke rabin sawun, 'yan kallo sun tattake sauran. Kwaɗo lafiya lau, ƙyaure lafiya, kwanon rufi ko ƙusa ba a cire ba. Kuma ƙurar da ta kwanta inda buhunan suka tashi ta nuna masa ba satar jiya ba ce, an daɗe ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Na tambaye shi wa yake zargi. Ya ce shi bai ma fara ba, amma gari ya riga ya gama.

Safara'u suka kama. 'Yar Ɗan Isa ce, can tsallaken boda. Aminu direba ya auro ta, ya rasu a hanyar Katsina tana goyon Rahma. Ba ta koma gida ba, ta zauna a ɗakinta tana ɗinkin hula tana riƙe ɗiyarta. Aibinta ɗaya a idon mutane: tana ɗaukar hoto da wayarta, kuma ba na mutane ba. Ni da kaina na taɓa iske ta durƙushe a bakin kwalta tana ɗaukar zanen da tayar babbar mota ta bari a taɓo. Tana ɗaukar saƙar zana, da ɗaurin igiya a kan kaya, da darewar laka in kududdufi ya ƙafe, da ɗinkin bakin buhu. Daga nan take fitar da zanen hulunanta, shi ya sa ba sa kama da na kowa, har daga Maraɗi ake aiko mata. Da can dariya ake yi mata, ana cewa matar Aminu ta sake aure, bango ta aura. Yanzu sai kowa ya tuna ya taɓa ganinta a lungun bayan siton, ba sau ɗaya ba.

Zunnuraini, wan mijinta, shi ne shugaban 'yan sintirin unguwa. Shi ya ƙwace wayar ya buɗe gaban jama'a, ya yi ta nuna musu bangaye da hanyoyi da sawun motoci, yana tambayar wace mace mai hankali ce za ta tara wannan in ba aika wa mutanen daji take yi ba. A garinmu kuwa in aka ce da mutum infoma, danginsa su fara neman likkafani. Mai unguwa ya yi ta maza ya hana a taɓa ta, amma ya yanke cewa ranar kasuwa za a sa ta a mota a tsallakar da ita Ɗan Isa, kada ta sake taka Magama. Rahma kuwa 'yar gidan su Aminu ce, nan za a bar ta. Yarinyar ko makaranta ba ta isa shiga ba.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na ce wa maigidan, macen da ko turmi ba ta ɗagawa ita kaɗai, ita ce za ta kwashe sito ta ƙofar da ba a buɗe ba? Ya ce ai ba cewa suka yi ta ɗauka ba, cewa suka yi ta nuna. Na ce to ya tashi ya nemo wanda ya ɗauka kafin ranar kasuwa, in ba haka ba tuwon gidan nan ya ƙare masa. Ya san ba zan aikata ba, amma ya tashi.

Ya fara da Abdulfatah, ɗan dako mutumin Maraɗi, wanda Hajiya kan ba mabuɗi in ta yi nisa. An ce an sha ganinsa yana tura kura rufe da tamfol ta ɓarauniyar hanyar da ke zagaye kwastan. Maigidan ya same shi a inuwar wata mota yana cin rogo, ya zauna kusa da shi bai ce komai ba sai kallon ƙafarsa. Haka yake yi wa mutane, ya yi shiru har mutum ya gaji ya fara tona kansa. Abdulfatah ya yi ta rantse-rantse, gumi na zuba, daga ƙarshe ya ja shi wani kango ya ɗage tamfol. Taliya ce da shinkafa ta wani ɗan kasuwa, babu ko ƙwayar gero. Ya haɗa shi da Allah kada ya faɗi sunan mai kayan, don in ya fita duwan, wato kwastan na tsallaken boda, da namu na nan duk za su ci shi. Maigidan ya ce shi gero yake nema, ya rufe masa tamfol ɗin ya fito.

Sai kuma raɗe-raɗi ya juya kan Hajiya Habsatu, wai ita ta sayar da amanar mutane ta zo tana kukan ƙarya. Matar nan ta fashe da kuka da maigidan ya je mata, ta ce ya shiga har ƙarƙashin gadonta ya duba. Nata irin ma yana cikin abin da ya tafi. Ya lura ko sunkuyawa ba ta iya yi saboda baya, balle ta hau kan buhuna ta leƙa ƙurya. Da zai tafi ta riƙe shi da zancen Safara'u, ta ce ita zuciyarta ba ta kwanta da laifin yarinyar ba, amma wa zai tari bakin gari a rana irin wannan? Manoma suna zaune a ƙofarta sun zuba tagumi, ƙasa tana bushewa suna kallo.

Washegari ya koma siton ya sa aka fitar da ragowar buhunan duka. A gindin bangon gabas, bayan wani buhun wake da aka jingine, sai ga wuri daidai rarrafen mutum inda tubalin sabo ne, ba yaɓe ta ciki. An fasa, an shiga, an fita, an mayar an toshe daga waje. Ya zagaya lungun ya duba, amma ruwan da ya zo da iskar gabas ya lashe fuskar bangon sumul, ba ka bambance sabo da tsoho.

Da ya ga zancen ya koma na gini, sai ya aika wa Manu. Manu magini amininsa ne tun suna kiwon awaki, shi ya ɗaga mana ɗakin da muke kwana, ko ruwan cuɗa ƙasa bai yarda mun biya ba. Ya zo ya tsuguna ya shafa wurin, ya ce kowane lebura zai iya wannan, yanzu wa bai iya liƙa laka ba? Maigidan ya ga ya rame har wuyansa ya fito, ya tambaye shi lafiya. Ya ce zazzaɓi ne. Ya tambaye shi Mujahid, ɗansa guda da ke taya shi aiki, ya ce ya tafi cirani Agadas tun bayan salla. Suka rabu a haka, maigidan ya dawo gida da rami a hannu amma ba ɓarawo.

Jajiberin kasuwa na ce bari ni ma in gwada nawa, tunda akwai ƙofar da namiji ba ya shiga. Na dama kunu na yafa mayafi na nufi gidan su Aminu. 'Yan sintiri biyu suna zaune a zaure kamar masu gadin banki, na wuce su ko kallo ba su ishe ni ba.

Na iske Safara'u ta ɗaure kayanta a zani, tana zaune tana tsefe wa Rahma kai. Ta ce so take ta yi mata kitson da zai daɗe, don ba ta san wanda zai sake yi mata ba. Maganar nan ta soke ni. Na zauna na tambaye ta, tsakaninta da Allah, me ke kai ta bayan siton Hajiya. Ta ce bangon ne. Tsohon yaɓe ne da aka yi wa zanen yatsu, baka-baka, layi huɗu-huɗu, ta ɗauke shi tun da sanyi. Wata rana ta bi ta wurin sai ta ga an yi faci a gindin, ɗanye, an bi tsohon zanen an kwaikwaya, amma hannun daban ne, kuma ya fi na asali kyau. Ta ɗauka Hajiya ce ta sa a yi gyara. Bayan wani lokaci ta sake bi, ta ga facin ya sake zama ɗanye, bakan ya ɗan karkata. Ita abin da ya dame ta ke nan, kyan layin, sai ta yi ta komawa tana ɗauka.

Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce wa ya tambaye ta? Tun da aka karɓi wayar, duk wanda ya buɗe baki zagi ne. Ta kwance ƙullin kayanta ta ciro wata hula da ba ta gama ba.

“Ga shi nan, Inna,” ta ce. “Shi nike ɗinkawa. Ɗaya, sai rata, sai biyu.”

Na duba. Zare shuɗi ne a kan fari, layi ɗaya ya lanƙwasa shi kaɗai, sai fili, sai layi biyu a manne suna bin sa. Ni ban ga komai ba sai kyau. Na cusa hular a ƙugu na fito.

Bayan la'asar na iske maigidan a ɗaki ya miƙe ƙafa yana shafa man zafi. Na jefa masa hular a cinya na ba shi labari. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗora yatsunsa a kan zaren yana bi. Can sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi bangon da ke saman gadonmu, na bi idonsa. Shekara nawa ina kwana ina tashi a gaban bangon nan ban taɓa kallonsa ba sai ranar. Daga ƙasa har rufi zanen ke nan: ɗaya, sai rata, sai biyu. Manu ya yi karkare a babban yatsan tsakiya tun yana yaro, yatsan ya ƙage ya tanƙware sama, ba ya taɓa laka in yana yaɓe.

Maigidan ya tashi ya tafi wurin mai unguwa inda aka ajiye wayar, ya roƙa aka buɗe masa ita. Ya gaya mini daga baya cewa ya yi ta addu'a a hanya Allah Ya sa yarinyar ce ta ƙawata abin da allurarta. Ina. Hoton ya fi hular faɗin gaskiya. Ta ɗauke shi da rana ta karkata, inuwa ta kwanta cikin kowane layi, har ramno, guntun ciyawar da aka cuɗa lakar da shi, ana gani. Ga tsohon bango kafin a taɓa shi, ga faci ɗanye, ga shi ya bushe, ga shi an sake. Shi da ya yi rayuwarsa yana karanta ƙasa, ya ce bai taɓa sanin ana iya adana sawu a kai shi bayan ruwa ba.

Da ya dawo na ce ya je ya sami Manu su biyu, ko don abota. Ya girgiza kai. Ya ce in ya je Manu zai roƙe shi, shi kuma ya san kansa, ba zai iya ce masa a'a ba, gobe kuma motar Ɗan Isa ba za ta jira kowa ba. Tuwon da na zuba masa haka na ɗauke shi.

Da hantsin ranar kasuwa aka taru a ƙofar mai unguwa. Motar da za ta ɗauki Safara'u tana tsaye a gefe, direban sai duba agogo yake. Ga Abdulfatah, ga Hajiya Habsatu a kan kujera, ga Zunnuraini da yaransa, ga manoman da aka yi wa asara, ga 'yan kasuwar bakin boda da suka bar shagunansu don kada a ba su labari. Ni da Safara'u muna bakin zaure, Rahma ta maƙale a jikin uwar. An kira Manu a matsayin masanin gini, ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma.

Maigidan ya sa an kwaɓa laka a kwanon gini an ajiye a gindin katangar mai unguwa. Ya gaya wa jama'a zancen ramin, ya ce ɓarawo bai bi ta ƙofa ba, don haka mabuɗi ba shi da laifi. Ya ce wanda ya toshe ramin ya bar sawun hannunsa, ruwa ya wanke, amma wayar da suke cewa ta infoma ce ta riƙe shi. Aka zagaya da wayar hannu-hannu. Sai ya ce duk namijin da ke da alaƙa da siton ya ɗebi laka ya shafa a katangar ya ja yatsunsa.

Abdulfatah ya fara, ya ja layi huɗu a karkace. Zunnuraini ya yi tsaki ya ce wannan wasan yara ne, amma ya yi, nasa ma huɗu. Wasu leburori biyu suka yi. Maigidan bai dubi inda Manu yake ba ko sau ɗaya. Ya tsaya ya dogara sandarsa yana kallon ƙasa, sai ya ce a hankali saura masanin gini ya nuna musu yadda ake yi.

Manu ya tashi. Ya ɗebi lakar ya daɗe yana juya ta a hannu. Na rantse da zai iya ɓata zanen, ya danna yatsan da ƙarfi ko ya ja da hagu, ba mai cewa komai. Amma ya mara ta a katanga, ya baje ta da tafin hannu yadda ya saba, ya ja baka guda mai kyau. Ɗaya, sai rata, sai biyu. Ya goge hannunsa a riga ya kira maigidan da sunansa na yanka.

“Ba sai ka gwada da hoton ba,” ya ce. “Ni ne. Ku sallami ɗiyar mutane.”

Mai unguwa ya tambaye shi dalili. Ya ce Mujahid ba Agadas ya tafi ba. A hanyar Farfaru aka tare shi ya je ɗebo ƙasa, aka shige da shi daji. Da suka ji uban ba shi da komai sai suka ce ya kawo hatsi, kuma in ya gaya wa ko da matarsa, gawar ma ba zai gani ba. Ya kai, suka ce bai isa ba. Ya sake kaiwa, suka ce ya ƙara. Ba a ɓoye ya yi ba, da rana tsaka yake zuwa da amalankensa na ƙasa, lokacin da zafi ya kori kowa daga lungun, ya fasa ya ɗiba ya loda a amalanken ya rufe buhunan da ƙasa. Ko wani ya gifta, me zai gani? Magini a gindin bango.

Zunnuraini ya tambaye shi, to da ya toshe ramin, uban me ya kai shi yi masa ado?

“Na so in bar shi hakanan,” in ji Manu. “Sai in tashi in tahi, in waiga in ga aikin ba kyau. Hannuna bai iya barin bango ba gyara.”

Wani tsoho daga Mazanya da aka kwashe wa iri ya rufe fuska da hularsa. Ba wanda ya ɗaga hannu ya doki Manu, ko waɗanda suka zo da gora. Aka kira hukuma suka tafi da shi. Da zai shiga mota bai dubi maigidan ba, shi ma bai ɗaga kai ba, kuma ba su sake haɗuwa ba har Manu ya rasu a tsare. Mujahid kuwa har yau da nake ba ku labarin nan ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ni na ɗauka an gama. Na kama hannun Safara'u ina cewa ta gode wa Allah, direban Ɗan Isa ma ya tayar da motarsa ya tafi da wasu. Ashe da sauran rina a kaba. Wayar tana ta yawo a hannun 'yan kasuwa, sai na ga fuskokinsu suna sauyawa. Wani ya matso da hoton kusa da idonsa ya gane bangon bayan gidansa, inda jarkokin fetur ke kwana. Wani ya gane zanen tayar motarsa a hanyar da ya rantse bai taɓa bi ba. Wani ya ga ɗinkin bakin buhun da ba a yi a Najeriya. Ita ba ta san me ta ɗauka ba, layi kawai ta gani. Su kuwa sun sani sarai, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jiya suna tsoronta don sun ɗauka tana da mugun nufi, yau sun gane ko ba ta da nufin komai wayarta ba ta mantuwa, sai tsoron ya ƙaru.

Wani babba a cikinsu, mutumin da ko sallar Juma'a a sahun gaba yake yi, ya gyara murya ya ce lallai an zalunci yarinya, Allah Ya ba ta haƙuri. Amma abin da ya kama Manu yau, gobe in ya faɗa hannun da bai dace ba fa? Gari ne na bakin iyaka, kowa da abin da yake rufawa ya ci abinci. Sauran suka yi caa suna haka ne, haka ne. Maigidan ya buɗe baki ya ce wannan wayar ce fa ta hana su ɗaukar alhakin marainiya yanzun nan. Aka ce masa an gode da aikinsa, ya je ya huta da ƙafarsa. Ni na fara magana daga bakin zaure, mai unguwa ya ɗaga mini hannu. Da na san inda zancen zai faɗa, da ko hannu goma ya ɗaga ba zan yi shiru ba.

Mai unguwa ya yi ta jan gemu, daga ƙarshe ya yanke. Safara'u ba ta da laifi, za ta zauna a ɗakinta da ɗiyarta, ba mai tayar da ita. Sharaɗi ɗaya ne: a goge duk abin da ke cikin wayar a gaban kowa, kuma kada a sake ganinta ta ɗaga ta a kan bango ko hanya. In ba ta yarda ba, akwai wata motar da yamma. Ya juyo ya tambaye ta ta ji?

Ta buɗe baki kamar za ta roƙi wani abu, ta dubi Zunnuraini, ta dubi mazan nan da suka zuba mata ido, sai ta dubi kan Rahma da sabon kitsonta. Ta haɗiye maganar.

“Na ji, ranka shi daɗe. A goge.”

Zunnuraini ya ba wani mai gyaran waya da ke wurin, ya danna abin da zai danna, wayar ta mutu ta sake kamawa fes kamar yau aka saye ta. Aka miƙo mata. Mutane suka watse suna cewa alhamdu lillahi an rabu lafiya, kowa ya nufi kasuwa.

Na raka su gida, ina ɗauke da ƙullin kayan, ina ta surutu don in rage mata zafi. Na ce bango dai ba ya ƙarewa a duniya, ta riƙa kallo da ido ta zo ta ɗinka, wa zai goge mata wannan? Muna shiga ɗaki Rahma ta ga wayar a hannun uwar, ta yi tsalle, don tun da aka ƙwace ba ta gan ta ba.

“Umma, kawo in gaisa da Baba.”

Na dubi Safara'u. Ta zauna a bakin gado ta gaya mini dalili. Aminu ba ya son hoto, ita ma fuska ba ta dame ta ba. Sau ɗaya ta taɓa ɗaukarsa, ya dawo daga tafiya ya yi barci a tabarma, hannunsa a buɗe. Tafin hannun kawai ta ɗauka, don layukan da ke ciki da kantar sitiyari. Shi ne abin da ya rage na uban, kullum yarinyar sai ta ɗora ɗan hannunta a kai ta ce masa ina kwana. Na ce subhanallahi, me ya sa ba ta faɗa ba, ai ko Zunnuraini, Aminu ƙaninsa ne, da an bar mata guda ɗaya.

“In na roƙi ɗaya, Inna, sai su ce akwai abin da nika ɓoyewa cikinsa. Ba ni da ƙarfin yin ciniki da Rahma.”

Yarinyar ta karɓi wayar ta shiga inda ta saba shiga, ta yi ta ja da ɗan yatsanta sama da ƙasa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi uwar, ta ce Baba ba ya nan. Safara'u ta ce mata eh, ba ya nan. Rahma ta ce to yaushe zai dawo. Na ajiye ƙullin kayan a hankali na fita tsakar gida, don ban iya tsayawa in ji amsar ba.